Hoton da Kaka Ya Yanke da Almakashi

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna tambayar me ya sa na yi shiru mako guda, ku yi haƙuri, ba jan aji nake ba. Kwana biyar na yi abinci bai yi min daɗi a baki ba, balle in zauna in yi rubutu. Yanzu da numfashina ya dawo daidai, bari in zayyana muku komai, har da wurin da ni ce ban kyauta ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Larysa, shekarata ashirin da shida, ina aiki a ɗakin karatu na garinmu, wani ɗan mitsitsin gari a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada wanda in ka yi atishawa a mota ka wuce shi. Mu uku ne a gida, ni da Mama da mahaifinta, Kaka Orest Boyko, wanda ya cika shekara casa'in ranar Asabar ɗin nan. Sai kuma Nolan Friesen, makanikin injinan girbi. Wata goma sha ɗaya ke nan yana zuwa wurina, kuma saura ƙiris in kore shi da bakina.

Duk Asabar da safe tsofaffin garinmu masu ciwon jirgin sama suna haɗuwa a rumfar jirage ta bayan gari, su soya fanke, su sha kofi mai ɗaci, su yi gardama kamar za su cinye juna. A jikin bango akwai allo, a kansa ake maƙala hoton wani tsohon jirgi da duniya ta manta da shi. Dokar wasan ita ce mai kawo hoto sai ya sa almakashi ya yanke duk abin da zai ba da satar amsa, lambar jirgi, mutane, gini, ya bar jirgin shi kaɗai. Ba a taɓa waya. Da siffar wutsiya ake ganewa, da yadda aka ɗaura taya, da yawan sandunan da ke riƙe da fiffike. Wanda ya gano shi ke rubuta sunan jirgin a ɗan katin da ke ƙasan hoton, ya yi mako guda yana hura hanci.

Hoto ɗaya ne ya shekara talatin da takwas a kusurwar allon nan katinsa fari fat, kuma Kaka ne ya kawo shi. Ɗan jirgi ne mai kujera ɗaya, fiffike a sama, tayoyi kamar na babur, an ɗauke shi ta gefe. Kaka ya ce babansa Wasyl, wanda maƙeri ne, shi ya ƙera shi a bargar gonarsu a 1938, lokacin shi yana ɗan shekara huɗu, kuma ya tashi. Ranar da zai kai hoton ya bi doka, ya yanke gefensa ya jefa a kwandon shara, yana murna zai ga masana sun sha kashi sannan ya faɗa musu. Suka sha kashin kuwa. Da ya faɗa musu, sai Vern Lindgren, abokin gardamarsa tun suna makaranta, ya ce ina shaida. A cewar Vern jirgin wani ƙaramin kamfani ne na Amurka da ya daɗe da rushewa, irin waɗanda ake yawon wasa da su a bukukuwan manoma, ya sauka a gonar aka ɗauki hoto, yaro ya girma da mafarki. Kaka ya dawo gida da gudu, an riga an zubar da shara. Tun daga ranar suke kiransa Ɗan Mai Kamfani. Yana taya su dariya, amma mu da muke gida mun san duk Asabar ɗin da aka tsokane shi sosai ba ya cin abincin rana.

To, bana aka ce za a gyara bangon kafin ƙanƙara ta sauka, allo zai sauko, kuma aka yanke shawarar ba katin da zai sauko babu suna. Vern har ya cire murfin biro. Sai Kaka ya miƙe da sandarsa ya ce shi bai yarda da idon Vern ba, a ba Nolan, wanda shekara bakwai yana zuwa rumfar nan ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ya ce ranar da zai cika casa'in Nolan ya faɗi abin da ya gani, ko me ya faɗa shi ya karɓa.

Ranar Lahadi muna kicin muna naɗe ferogi, wani ƙullin fulawa da ake cusa wa dankali a ciki a dafa, Mama da rigar girkinta mai zanen furanni, fulawa har gwiwar hannu, ta yi min maganar ba tare da ta kalle ni ba. Ita Mama ba ta ƙi Nolan ba, amma ba ta taɓa sakin jiki da shi ba, ta ce mutumin da ba ya iya ce wa miya ta yi daɗi sai ya ƙara ɗanɗanawa yana da wuyar zama. Ta tsani maganar jirage, rabonta da rumfar nan tun tana budurwa.

"Larysa, tsohon nan ba shi da abin da ya rage masa sai labarin nan," ta ce, tana matse bakin ƙullin da yatsa kamar shi ya yi mata laifi. "In saurayinki ya tsaya gaban mutane ya mai da babana maƙaryaci ranar haihuwarsa, kada ya ƙara taka min ƙofa. Ke kuma ki san wanda za ki zaɓa."

Na san Mama, kuma na san Nolan.

Da yamma ya zo ɗaukata, na shiga motarsa mai warin man inji da lemon da yake ɓarewa a kan sitiyari. Ban yi wani kwana-kwana ba. Na ce ya ce Kaka ya yi gaskiya kawai, wa zai sani, jirgin ya ruɓe tun kafin a haifi iyayenmu. Na yi shagwaɓa, na yi magiya, har hannunsa na riƙe.

"In na faɗi abin da ban gani ba, Vern zai gane cikin minti biyu," ya ce. "Kaka kuma zai riga Vern ganewa. Ba alfarma ya roƙe ni ba, Larysa, dubawa ya ce in yi."

Jama'a, a nan ne na yi abin kunya. Na ce masa ashe tarkacen jirgi ya fi ni daraja a wurinsa, ya je ya auri allon. Na ce Mama ta yi gaskiya, zuciyarsa ƙarfe ce irin na injinan da yake kwancewa. Na fita na buga masa ƙofa har lemonsa ya faɗo. Bai biyo ni ba, wannan ya ƙara ƙona min rai.

Daga Litinin zuwa Alhamis na kife wayata. A wurin aiki na jera littattafan girki a layin tarihi, sai da wata tsohuwa ta zo ta nuna min. A gida kuma Kaka sai fara'a yake, ya fito da jaket ɗinsa ta fata mai launin ƙasa yana shafa mata mai, yana tambayata ina makanikina, ko na cinye shi ne. Duk sanda ya yi dariya sai in ji kamar in fashe da kuka. Ina son tsohon nan, ina son Nolan, kuma na riga na ga yadda Asabar za ta raba ni da ɗayansu.

Ranar Juma'a da azahar na kasa daurewa na buɗe wayar. Saƙo uku ne daga Nolan. Na farko: "Kin ci abinci?" Na biyu: "Na san kina fushi." Na ja tsaki, don ban ga kalmar haƙuri ba. Na uku ya fi tsawo: "Wannan ba maganarmu ba ce. A bakin hoton, daidai inda almakashi ya bi, akwai kan takalmin mace da ɗan gefen siket. A gidanku akwai tsohon hoton wata mace da aka yanke?"

Na ce a raina ji mutum, ina nan ina mutuwa shi yana lissafin takalmi. Na jefa wayar a aljihu. Ina shiga gida Mama ta aike ni ɗakinta in ɗauko farin mayafin tebur mai surfani, wanda ake shimfiɗawa ranar biki. Ɗakin Mama kullum ƙamshin sabulun lavanda yake, gado a gyare kamar ba a kwana a kai, kuma ba mai shiga sai ita da ni, Kaka ko bakin ƙofar ba ya zuwa. Na jawo aljihun madubi, na ɗago kai, sai idona ya sauka a kan ɗan hoton da ke gefen kwalbar turarenta.

Tun ina rarrafe nake ganin hoton nan. Ɗan ƙaramin firam ne, an yanka kwali zagaye kamar ƙwai, a ciki fuskar Paraska, mahaifiyar Kaka, da ɗankwali, kanta a sunkuye. Ni duk rayuwata na ɗauka addu'a take yi. Mama ta same shi cikin kayan mahaifiyarta, kakata Stefania, wadda ta rasu shekara guda bayan Kaka ya kai hotonsa rumfa. Na ɗauki firam ɗin, na ƙwala wa Mama kira.

Da farko ta ce in ajiye mata kaya. Da na nuna mata saƙon sai ta je kicin ta ɗauko wuƙar shafa man shanu, ta zauna a bakin gado ta ɗaɗɗaga 'yan ƙusoshin baya. Hoton ba zagaye ba ne. Dogo ne siriri, an ninke shi sama da ƙasa don ya shiga firam, gefensa ɗaya a karkace kamar yankan mai gaggawa. Da Mama ta warware shi muka ga Paraska a zaune a kan kujera 'yar tsugunno, doguwar allura a hannunta, ƙafarta ɗaya ba ta da kan takalmi. A bayan hoton kuma akwai rubutun fensir, hannun kakata Stefania: "Na tsinto a shara. Orest, uwarka ce ka jefar."

Mama ta karanta sau biyu, ta rufe bakinta, na rasa dariya take ko kuka. Ta ce halin mamanta ke nan, in ta yi fushi ba ta faɗa, ɓoyewa take ta jira a tambaya. Shi kuma Kaka girman kai bai bar shi ya gaya wa matarsa abin da ake kiransa a rumfa ba.

Na rubuta wa Nolan cewa na samu, bari in ɗauka in turo. Amsarsa ta shigo kafin in ɗaga wayar: "Kada ki turo. In na gani yau Vern zai ce mun haɗa baki. Ki kawo gobe in gani a gaban kowa." Na tambaye shi ko wannan ya isa. Ya ce bai sani ba sai ya gani. Wallahi da yana kusa da na jefe shi da takalmi.

Asabar da safe na sa rigata shuɗiya mai dogon hannu, wadda Nolan ya taɓa cewa ba laifi, abin da a bakinsa yabo ne babba. Abin mamaki, na fito na tarar da Mama cikin rigar cocinta ruwan toka da 'yan kunnen lu'ulu'u, jaka a hammata, ta ce ita za ta tuƙa. Kaka ya kalle ta ya ce yau kuma wa ya mutu. Ba mu gaya masa komai ba, don Mama ta ce kada a ɗaga masa rai a banza.

Rumfar ta cika, mutum kusan arba'in, hayaƙin fanke ya turnuƙe, an rataya balan-balan a jikin farfelar wani tsohon jirgin feshi. Vern yana zaune a gaba da hularsa mai tambarin kamfanin iri, biro a bayan kunne. Da ya ga Kaka ya ce ga Ɗan Mai Kamfani ya iso, a ba shi kujera kada ya faɗi kafin hukunci. Kaka ya ce masa shi ya binne waɗanda suka fi shi baki. Nolan yana tsaye gefen allo da jaket ɗinsa ta aiki, ya yi aski, ya rame kaɗan, ban san me ya sa wannan ya yi min daɗi ba. Ya gaishe da Mama, ta amsa da kai kawai.

Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce ya bi duk littattafan da ke akwai, wutsiyar ta yi kama da ta jirgin da Vern yake faɗa, amma kama kawai. Sannan ya ce kowa ya daina kallon jirgin ya kalli ƙasa. Tsofaffi suka matso da tabarau suna ture juna. Inuwar da ke kan ciyawa fiffike ɗaya gare ta. Shekara talatin da takwas suna ƙirga sanduna da ƙusoshi, ba wanda ya taɓa duban inuwa.

Vern ya yi gyaran murya ya ce to sai me, ƙila ya lalace ne aka cire ɗaya ana gyara.

"Zai iya yiwuwa," Nolan ya ce. "Shi ya sa inuwa kaɗai ba ta ishe ni ba. Larysa, kin zo da shi?"

Ni ce ya kira, amma Mama ce ta miƙe. Ta buɗe jaka, ta taka har gaban allon da takalminta mai tsini, ta miƙa masa guntun hoton. Ya riƙe shi da yatsa biyu ya kai gefen hoton Kaka. Karkataccen yankan ya zauna daram, kan takalmin ya koma ƙafar mai shi.

Ga Paraska da allurarta, ga ɗaya fiffiken a kan matokaran katako a gabanta, rabinsa an rufe da ƙyalle, rabi haƙarƙarin katako ne tsirara, sabo fil. A bayanta ƙofar barga a buɗe, a jikin ƙofar an zana siffar haƙarƙarin fiffike an bi layin da ƙusoshi, wurin da ake lanƙwasa katakon ke nan ɗaya bayan ɗaya. Nolan ya daɗe yana dubawa da gilashin ƙara girma.

"Mai gyara ba ya zana ma'auni a jikin ƙofarsa," ya ce. "A bargar nan aka ƙera jirgin nan, na tsaya a kan wannan. Ba shi da suna a littafi don ba wanda ya yi irinsa. Ko ya tashi, hoton bai faɗa min ba, ni ma ba zan faɗa ba."

Na runtse ido, na ce shi ke nan, ya gyara ya ɓata. Sai na ji dariyar Kaka, irin wadda take haɗe masa da tari. Ya ce ya tashi mana, ya haye shingen gona da kamar kamu biyu, ya wuce kan shanu, ya faɗa tafkin bayan barga, babansa ya fito da laka har wuya, mamansa ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba saboda zannuwan gadonta guda shida da aka lulluɓe jirgin da su, suka tafi a banza. Ya ce ai ba wanda ya taɓa tambayarsa nisan tashin. Rumfa ta kaure da dariya. Vern ya zare biron daga kunnensa, ya jujjuya shi, ya miƙa wa Nolan, ya ce wa Kaka, "To, tsoho, na sha kashi. Amma fa kai ka yanke shaidarka da hannunka, ba ni ba."

Kaka kuwa ya karɓi guntun hoton yana kallon fuskar mamansa, wadda rabonsa da ganinta tun ranar almakashin. Ya juya bayan ya karanta rubutun. Mama ta matso za ta karɓe, ya hana ta. Ya share ido da bayan hannu ya ce Stefania ta iya riƙe fushi, kuma tana da gaskiya.

Bisa doka Nolan ne zai rubuta katin, amma ya miƙa wa Kaka biron. Kowa ya zaci sunan babansa zai sa. Ya rubuta a hankali, *Paraska, 1938*.

Ni dai na zauna a kan wata tsohuwar taya na yi kukan da na kwana biyar ina haɗiyewa. Nauyin da ya sauka daga ƙirjina ba zan iya kwatanta muku shi ba. Nolan ya zo ya tsaya a gefena da farantin fanke, ya ce ya ga alamar ban ci komai ba. Na ce masa na faɗi maganganun banza a mota. Ya ce eh, na faɗa, ya miƙo min cokali. Na cinye fanke huɗu a zaune a wurin.

Muna shirin tafiya Mama ta tsaya a gaban Nolan tana gyara jakarta, ta ce gobe bayan coci akwai ferogi, in yana so ya zo, kuma ba dole ne ya ce sun yi daɗi ba. Kaka yana rataye da hannuna, ya ƙare wa Nolan kallo daga sama har ƙasa, irin kallon da yake wa hoto a allo.

"Ka zo da takalmin roba, injin jirgin yana nan cikin tafkin har yau," ya ce. Ya ɗaga sandarsa ya ɗan taɓa aljihun jaket ɗin Nolan na hagu. "Wannan ɗan akwatin zoben neman aure kuma da kake yawo da shi mako uku, ka zo da shi. Shekara sittin ina gane abu da ganin gefensa kawai, yaro."

Nolan, mutumin da ya tsaya gaban mutum arba'in muryarsa ba ta yi rawa ba, ya dafe aljihu, kunnuwansa suka yi ja wur. Mama ta kalli aljihun, ta kalle ni, ba ta ce a'a ba.